Hoton Da Aka Hana Bahijja

Idon dama ne ya fara. Bahijja na zaune a ƙofar ɗakinta da hantsi tana ɗinkin hula, sai ta ga jan zaren da ke hannunta ya dusashe, ya koma kalar ƙasa. Ta murza idon, ta sake dubawa. Da ta rufe na hagu, tsakiyar hular ta ɓace ɗungurungum, kamar an shafa toka a wurin. In ta juya ƙwayar idon kuwa, wani zafi ne ke sukar ta can ciki.

Kwana uku ba ta faɗa wa kowa ba. A gidan su mijinta da ke Madabo ba a son mace mai yawan ƙorafi. Babban gida ne irin na dā, sai an wuce zaure biyu kafin a kai tsakar gida, kuma tun rasuwar maigidan, uwar mijinta Hajiya Luba ce mai faɗa a ji. A rana ta huɗu Bahijja ta zuba wa mijinta Abdulbaƙi shayi a gefen kofi, ruwan zafi ya kwarara a kan tabarma. Nan ta gaya masa. Bai yi musu ba, ya fasa fita kasuwa, ya tare adaidaita sahu suka tafi asibitin ido.

Likitan dattijo ne mai magana a hankali. Ya daɗe yana haska idon, sannan ya ajiye fitilarsa.

“Jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa ce ta kumbura,” in ji shi. “Yawanci tana saɓewa cikin ’yan makonni, ganin ya dawo. Amma wani lokacin wannan somin-taɓi ne na wani ciwo da ke bin jijiyoyin jiki. Da ido kaɗai ba zan iya kama sunansa ba, akwai ƙa’ida, sai an ga alamarsa a wuri fiye da ɗaya. Don haka ina so a yi mata hoton ƙwaƙwalwa, wanda ake kira MRI, ku kai wa likitan jijiya. Kada ku jira ta warke, Malam. Warkewar ce ke ruɗar mutane.”

Ya rubuta takarda ya miƙa wa Abdulbaƙi.

Sun tarar da Hajiya tana tsince shinkafa a faranti. Abdulbaƙi ya durƙusa ya mayar mata da bayani.

“Hoton me?”

“Na ƙwaƙwalwa, Hajiya.”

Ta ture farantin gefe. “Ido ke mata ciwo, ka kai ta, sun dawo maka da zancen ƙwaƙwalwa? Abdulbaƙi, wata biyu ya rage bikin ƙanwarka Sa’ida. Dangin angon har yau bincike suke a kanmu. So kake a ji an ce ana kai matar ɗana hoton kai? Kafin la’asar duk Madabo ta ɗauka akwai taɓin hankali a gidan nan. Mu ba mu gaji wannan ba.”

“Hajiya, likitan cewa ya yi jijiya ce,” Bahijja ta faɗa, kanta a ƙasa.

“Da ke nake magana?”

Da suka shiga ɗaki Abdulbaƙi ya zauna a bakin gado yana juya hularsa a hannu. Ba mugun mutum ba ne, kowa a layinsu na ’yan yadi zai shaide shi. Abu guda ne bai taɓa iyawa ba tun yana yaro, ya ce wa uwarsa a’a.

“Ki yi haƙuri a gama bikin nan,” ya ce. “Wallahi ana gamawa zan kai ki.”

Kafin a gama bikin ido ya washe. Ranar kai amarya Bahijja ce ta zura wa wata tsohuwa zare a allura, Hajiya na gani.

“To, ga mai ciwon ƙwaƙwalwa nan,” ta ce da ɗanta tana dariya. “Da ka biye wa likita da ka tona mana asiri a banza.”

Bahijja ma ta yi dariyar. Ta fi kowa son ya zama shi ke nan.

Bayan haka ta samu ciki, kuma wata taran nan ba ta taɓa jin ƙarfin jiki irinsu ba. Ta haifi ’ya mace aka sa mata Safiya. Da yake mahaifiyar Bahijja ta daɗe da rasuwa, ba ta je wankan gida ba. Hajiya ta ɗauko wata tsohuwa mai suna Hajo ta riƙa yi mata wankan jego safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya.

A mako na uku ta fara jin ƙafarta ta hagu kamar ba tata ba. Daga tafin ƙafa har cinya wani dindiris, kamar an naɗe ta da bargo mai kauri. Duk sanda Hajo ta fyaɗa mata ruwan zafin nan, sai gwiwoyinta su saki, ganinta ya yi hazo. Wata safiya ta zube a banɗakin, sai da aka kira mata biyu suka cicciɓo ta.

“Jego ne,” in ji Hajo. “Jini ne bai gama fita ba. A ƙara wuta.”

Aka ƙara wuta. Bahijja ta roƙi a sirka mata ruwan, Hajiya ta ce ’yan matan yanzu ba su da juriya, ita haihuwa tara ta yi ba a taɓa sirka mata ba. Haka aka cika kwana arba’in. Ta koma yin salla a zaune, domin in ta sunkuyar da wuya a ruku’u wani abu ne ke tsarga mata daga ƙeya har ƙugu, kamar ta taɓa wayar lantarki.

Ta tuna wa mijinta maganar likitan ido. Ya ce bari a yi arba’in. Aka yi arba’in, ya ce bari kayan da ya yi oda su iso. Sai da aka shafe wata uku sannan ya kai ta wani ƙaramin asibiti a wajen Ƙofar Kabuga, inda ya tabbata ba zai haɗu da ɗan unguwa ba. A lokacin ƙafar ta fara dawowa.

Likitan matashi ne, layi kuma ya yi masa tsawo. Ya ƙwanƙwasa mata gwiwa, ya sa ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Ta taka.

“Yanzu dai ban ga wani abu ba,” ya ce.

Ta ba shi labarin ido, da ƙafar, da abin da ke tsarga mata a baya.

“Ina takardar da likitan idon ya bayar?”

Abdulbaƙi ya shafa aljihu, ya ce an daɗe, bai san inda ta shiga ba.

“To kin ga, ba zan iya yanke hukunci a kan labari ba, sai abin da na gani ko aka rubuta. Ciwon da yake zargi ma a ƙasashen Turawa ya fi yawa, ba kasafai muke ganin sa a nan ba. Bari a duba maleriya da taifot.” Ya rubuta maganin ƙarin jini. Har sun miƙe ya ƙara da cewa, “Amma in ya sake tashi, ku je babban asibiti a ranar, tun yana jikinta. Kada ku bari ya lafa.”

A gida, rabin maganar Abdulbaƙi ya isar.

“Likita ya ce bai ga komai ba, Hajiya.”

Wannan magana ita ta zama sandar dukan Bahijja har shekara biyu da rabi. Likita ya ce bai ga komai ba.

Da bazara ta shigo abin ya dawo, kuma ya dawo da wata ɗabi’a da ta ja mata baƙin jini. Da sanyin safiya takan tashi garau, ta yi shara, ta wanke wa Safiya kaya. Amma ranar girkinta, da ta zauna gaban murhu zafin wuta ya bugi jikinta, sai ƙafar ta mutu, muciya ta kuɓuce daga hannunta, ta riƙa ganin tukunya ɗaya ta zama biyu. In aka kai ta ɗaki ta kwanta a kan siminti, ta shafa ruwan randa, bayan awa guda sai ta ji dama.

“Ni ban taɓa ganin ciwo mai wayo irin wannan ba,” Hajiya ta faɗa a tsakar gida, da ƙarfi don a ji. “Ya san lokacin tuƙa tuwo, ya san lokacin ci. Ciwon da ke tsoron murhu!”

Matan yayyen mijinta, waɗanda girkin ke komawa kansu, suka daina amsa mata gaisuwa da sakin fuska. Bahijja ta shiga yi wa kanta tambaya ko dai da gaske raki ne. Sai ta ƙudura za ta nuna musu. Ta riƙa cije leɓe tana zama gaban wutar har sai ta kife. Sau biyu tana ƙonewa a hannu ba ta ji ba, sai da ta ga fatar ta tashi.

Da aka ga ƙunar, Hajiya ta sauya magana. Ta ce wanda wuta ta ci bai ji ba, ai ba shi kaɗai ba ne a jikinsa, iska ce. Aka kira Baffa Ɗayyabu, ƙanin marigayi maigidan, malami ne mai karantarwa a zauren gidansa. Ya zo kwana bakwai a jere yana yi mata karatu, ya ba da rubutu ta sha. Bahijja ba ta ƙi ba, har takan ji sanyi a ranta in yana karatun. A rana ta bakwai ya tsaya a zaure da Hajiya da Abdulbaƙi, ita kuma tana jiyo su ta taga.

“Ni na yi nawa, kuma Allah Shi ne mai warkarwa,” in ji Baffa. “Amma yarinyar nan ban ga alamar iska a tare da ita ba. Hankalinta ya fi na wasunmu. Ku mayar da ita asibiti.”

“Ai an je, Malam,” in ji Hajiya. “Likita ya ce bai ga komai ba.”

Ta aika aka samo mata wani mai magani daga wani ƙauye. Shi kuma ya ba da turaren hayaƙi, ya ce a rufe ta da bargo a kan garwashi har ta yi gumi. Duk ranar da aka yi, sai an ɗauke ta ranga-ranga. Mai maganin ya ce alamar iskokin suna jin jiki ke nan, a ci gaba.

Safiya na da shekara ɗaya da rabi ranar da suka faɗi. Bahijja ta goya ta za ta leƙa maƙwabta barka. A dokin ƙofar zaure na ciki ƙafar hagun ta ƙi ɗaguwa, yatsun suka ja ƙasa, ta tafi gaba ɗaya. Ta yi ƙoƙarin juyawa don ta tare yarinyar, amma goshin Safiya ya daki gefen bango. Jini ya wanke wa yarinyar fuska. Ɗinki uku aka yi mata.

Da aka dawo da ita daga ɗinkin, ɗakin Hajiya aka wuce da ita. Da yamma aka aiko a kwashi kayanta.

Bahijja ta bi bango har ƙofar ɗakin surukarta, ta durƙusa.

“Hajiya, don girman Allah ki ba ni ita. Ba zan sake goya ta ba. A zaune zan riƙa riƙe ta.”

“Yau goshi ne, gobe kuma a rijiya za ki jefa min ita. Ai dama ta isa yaye. Je ki ji da kanki.”

Tana jin kukan ’yarta ta cikin labule, nononta na zuba ya jiƙa mata riga. Da Abdulbaƙi ya dawo daga kasuwa ta riƙe masa gefen riga da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Abban Safiya, ka kai ni hoton nan. Ba sai kowa ya sani ba. Ka ce gidanmu za ka kai ni.”

“In yi wa mahaifiyata ƙarya?”

“To ka gaya mata gaskiya. Ka ce likita na biyun ma ya ce in ya tashi a je babban asibiti. Kana wurin ya faɗa.”

Ya zare rigarsa a hankali. Idonsa ya kawo ruwa, ta gani.

“Wallahi ina tausayinki, Bahijja. Amma kin san hawan jinin Hajiya. In na tsallake maganarta wani abu ya same ta, da wane ido zan kalli ’yan’uwana? Bari azumi ya wuce, zan lallaɓa ta.”

Azumi ya wuce. Ya ce bari a yi babbar salla. Bayan babbar salla Sa’ida ta haihu, ya ce gida cike yake da baƙi, ba yanzu ba.

A wajen sunan ne abin da ta fi tsoro ya faru. Ta daɗe tana fama da fitsari, in ya matso ba ya jira, shi ya sa ta rage shan ruwa har leɓenta ke tsagewa. Ran nan tana zaune cikin mata a tsakar gida, ta yunƙura za ta tashi ƙafar ta ƙi. Kafin ta kama bango ya zubo, ya bi tabarma har ƙarƙashin wata baƙuwa daga dangin mijin Sa’ida. Wata ta ja ɗanta gefe.

Washegari aka kwashe kayanta daga ɗakinta aka mayar da ita wani ƙaramin ɗaki a can ƙuryar gida, inda ake ajiye buhunan hatsi a dā.

“Don sauƙinki ne,” in ji Abdulbaƙi. “Ya fi kusa da banɗaki.”

Ɗakin rufin kwano ne ba sili, taga ɗaya ƙarama. Da rana yakan yi zafi kamar tanda, ita kuwa zafi ne makashinta. In baƙi sun zo sun tambaye ta, sai a ce tana barci. Ɗinkin hula ya gagare ta, allura ba ta zama a yatsunta. Hular ƙarshe da ta fara tana nan rabi, ta ba wa wata maƙwabciya ta ƙarasa. Abinci ana kawo mata a kan lokaci, wannan kam ba a taɓa fashi ba, kuma Hajiya takan faɗa wa mutane hakan. Safiya kuwa sai dai ta hango ta tana wasa a tsakar gida. In ta kira ta, yarinyar takan tsaya daga nesa ta sa yatsa a baki, don an hana ta shiga ɗakin.

Bahijja na da wa guda, Mika’il, mai sana’ar fata, wanda harkarsa ta mayar da shi Legas, sai ya yi wata shida bai zo Kano wurin iyalinsa ba. In ya kira ta a waya takan ce lafiya lau, domin tun tana yarinya aka koya mata cewa mace ba ta kai ƙarar gidan mijinta. In ya zo kuma a zaure yake tsayawa, ta fito su gaisa, ta jingina da bango ta ce gajiya ce. Wannan karon da ya zo, aka ce masa tana barci. Ya ce zai jira. Ya zauna har aka yi azahar, aka sake cewa ba ta tashi ba.

“A tashe ta,” ya ce. “Ko kuma a yi min iso, ni muharraminta ne.”

Bai jira amsa ba, ya yi sallama ya shiga. Ya same ta a tsakanin ɗakin da banɗaki, tana jan jiki da gwiwa ɗaya da hannuwa, buta a gabanta tana turawa. Ta ɗago ta gan shi, sai ta ja mayafi ta rufe ƙafar.

“Yaya, sannu da zuwa. Yaushe a gari?”

Mika’il ya tsuguna a gabanta, ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, “Tun yaushe?”

A nan ta fashe da kuka, ta gaya masa tun daga ido.

Hajiya ta fito tana cewa ba za a fitar mata da suruka ba sai da izinin miji. Mika’il ya kira Abdulbaƙi a waya a gabanta.

“Ga ni a gidanku. Zan kai ƙanwata babban asibiti yanzu. In kana da izini ka bayar, in ba ka da shi ka same mu a can.”

Ya ɗauke ta a hannu kamar yarinya, ya ratsa zaurukan nan biyu da ita, mutanen unguwa na kallo.

Sai da suka yi mako uku suna zirga-zirga kafin komai ya kammala. Aka shigar da ita cikin na’urar hoton, mai ƙara kamar injin niƙa, ta kwanta ba motsi. Aka tsira mata allura a gadon baya aka ɗebi ruwa. Ranar da za a faɗi sakamako Abdulbaƙi ya zo, ya zauna a kujerar gefe yana kallon takalminsa.

Likitar jijiyar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta juyo da allon kwamfuta ta nuna musu wasu fararen ɗigo-ɗigo a cikin hoton.

“Kin ga waɗannan? Tabo ne. Jijiyoyin jiki suna da riga, kamar robar da ke jikin wayar wuta. Garkuwar jikinki ce ke kuskure tana cin rigar, saƙo ya kasa wucewa. Sunansa multiple sclerosis, muna taƙaitawa mu ce MS. Yakan tashi ya lafa, ya sake tashi a wani wurin. Zafi kuma yana tsananta alamunsa, shi ya sa kike faɗuwa a gaban murhu.”

Bahijja ta ɗago da sauri. “Likita, wato ba raki ba ne?”

“Ba raki ba ne. Ba iska ba ce. Kuma hankalinki ƙalau yake.”

Bahijja ta sa mayafi ta rufe fuskarta. Kafaɗunta suka riƙa rawa. Likitar ta bar ta sai da ta nutsu.

Mika’il ya ce, “Likita, da an yi hoton nan tun lokacin ido fa?”

“A dā ƙa’idarmu ita ce sai ciwon ya tashi sau biyu, a lokuta daban, a sassan jiki daban, kafin mu kira sunansa. Mutane da yawa sun daɗe suna jira saboda haka. Yanzu an sassauta. In hoto ya nuna tabo a wurare daban-daban, ruwan baya ma ya nuna alama, ko sau ɗaya ya tashi muna iya kama shi mu fara magani. Ba zan rantse maka a kan abin da ban gani ba. Amma wasu tabon nan tsofaffi ne. Ko a tsohuwar ƙa’idar ma, tun ranar da ƙafarta ta mutu a jego ta cika sharaɗi, da an kawo ta a lokacin. Mu ma muna da namu laifin, da yawanmu an koya mana cewa ba ciwon mutanenmu ba ne, sai ba ma neman sa.”

“Zan sake tafiya?” Bahijja ta tambaya.

Likitar ta matso da kujerarta. “Ba zan ɓoye miki ba. Maganin da muke da shi ba ya warkarwa, rage tashin ciwon yake yi, ya kare abin da ya saura. Hannuwanki da idonki za mu yi ƙoƙari a kansu sosai. Za a koya miki motsa jiki, kina iya takawa da sanda a cikin gida. Amma ƙafar hagun nan ta daɗe a haka. Kada ki sa rai za ta koma kamar dā.”

Shekararta ashirin da takwas a ranar.

Daga asibiti gidan Mika’il da ke Dala aka wuce da ita, matarsa ta gyara mata ɗaki mai iska. Bayan kwana goma Hajiya Luba ta zo dubiya, da Abdulbaƙi a bayanta riƙe da ledar lemo da ayaba, da Safiya cikin sabuwar riga. Aka gaisa.

“To, Bahijja, sai haƙuri,” in ji Hajiya. “Haka Allah Ya ƙaddara. Mu ina muka san wani ciwo mai sunan Turanci? Duk abin da muka yi, neman sauƙi muke miki. Ba a taɓa barin ki da yunwa ba, ke shaida ce. Yanzu ki shirya ki koma ɗakinki, zaman nan yana sa mutane magana. In an tambaya kuma, a ce sanyin ƙashi ne. Ba sai an yi ta ambaton ƙwaƙwalwa ba.”

Bahijja ba ta dube ta ba. ’Yarta take kallo.

“Safiya, zo. Zo wurin Ummanki.”

Yarinyar ta kalli sandar da ke jingine da gado, ta kalli matar da ke miƙo mata hannu, sai ta zagaya bayan Hajiya ta ƙanƙame mata zane.

“Ƙiwa take yi,” Abdulbaƙi ya ce da sauri. “Za ta saba.”

Bahijja ta sauke hannunta a kan cinya. Da ta yi magana muryarta ba ta tashi ba, kuma karon farko ke nan da ta haɗa ido da uwar mijinta.

“Hajiya, ciwon nan Allah ne Ya ɗora min, na karɓa da hannu biyu. Shekara huɗun da na yi ina roƙo a kai ni a duba, wannan ba zan ce ba ku sani ba. Likitan ido ya faɗa. Na biyun ya faɗa. Baffa ya faɗa a zaure, ina ji.” Ta juya wurin mijinta. “Kai kuma duk kana wurin.”

Ledar lemon na hannun Abdulbaƙi har yanzu, ya rasa inda zai ajiye ta.

“Duk wanda ya tambaye ni, sunan ciwona zan faɗa masa,” in ji Bahijja. “Komawa kuma ba yanzu ba. Safiya dai a bar min ita, ko ta wuni ne. Tun tana da shekara ɗaya da rabi rabon da in taɓa ta.”

Hajiya ta miƙe tana gyara mayafi. Ta ce yarinyar ba ta saba da kowa ba sai ita, za ta yi ta kuka ne a banza, a bari sai wani zuwan. Abdulbaƙi ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa. Bahijja ta jira. A shekara huɗun nan ba ta taɓa jiran wata magana daga bakinsa kamar wannan ba.

“Bari dai ta ƙara wayo,” ya ce. “Wallahi zan kawo miki ita.”

Ya ajiye ledar a bakin ƙofa, ya ɗauki yarinyar ya bi bayan uwarsa. Bahijja ta jawo sandar, ta dafa gado ta miƙe da ƙyar, tana jan ƙafar har bakin taga. Kafin ta isa sun sha kwanar lungu.